ZAUREN 'YAN MATA: In Takardarki Ta Ƙi Buɗuwa A Kwamfutar Wasu

   Ina miƙa godiya ta musamman ga duk waɗanda suka rubuto mana, wasiƙunku suna isowa, wadda ba ta ga amsarta ba ta ƙara haƙuri, layi ne, zai zo kanta in sha Allahu.

A wannan fitowar za mu ɗan jingine maganar soyayya da kwalliya da girke-girke, saboda wata matsala da ta yi ta maimaita kanta a cikin wasiƙunku har na ga bai kamata a kau da kai ba. Wata 'yar uwa daga Gusau ta ce wata da watanni ta yi tana buga labarinta na farko a kwamfutar yayanta, ranar da ta kai wa mai ɗab'i sai ya ce takardar ta ƙi buɗuwa. Wata ɗaliba daga Zariya ta ce ana gab da rufe karɓar aikin kammala karatu, ta je shagon buga takardu, kwamfutarsu ta ƙi aikin nata ƙememe, mai shagon kuma ya ce sai dai ta biya a sake buga mata daga farko. Wata kuma daga Maraɗi ta ce nata ya buɗe, amma duk inda ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun koma wasu alamomi marasa kan gado.

To 'yan uwa ku kwantar da hankalinku ku matso kusa. Sau da yawa rubutun yana nan daram, ko wasali ɗaya bai ɓata ba, hanyar isa gare shi ce ta toshe. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, don haka bari mu bi abin daki-daki.

KAFIN KI TAƁA KOMAI

Abu uku nake so ki riƙe, ko da kin manta sauran.

Na farko, ki yi kwafin takardar ki ajiye gefe guda, duk wani gwaje-gwaje a yi shi a kan kwafin. Kar ki bari kowa, komai iyawarsa, ya yi gwaji a kan ƙwaya ɗaya tilo da kike da ita, don kar garin neman gira a rasa ido.

Na biyu, in kin soka filash sai kwamfuta ta fito da wani saƙo mai ɗauke da kalmar "Format", wallahi kar ki yarda. Ma'anarsa a share duk abin da ke cikin filash ɗin kaf a mayar da shi sabo. Ki danna "Cancel", ki cire abinki.

Na uku, kar ki yi gaggawar biyan kuɗin sake bugu. Wani mai shagon ba mugunta ce ta sa shi faɗar haka ba, iyakar saninsa ke nan, wani kuma ya hango ciniki ne. Ko ma wanne ne, ki ce masa da ladabi, "Malam bari in je in dawo," ki je ki gwada abubuwan da zan faɗa miki.

DUBI WUTSIYAR SUNAN

Kowace takarda ta kwamfuta tana da suna, bayan sunan kuma akwai ɗigo da wasu 'yan haruffa, ni wutsiya nake ce musu. Wannan wutsiyar ita ke gaya wa kwamfuta irin takardar da kuma manhajar da za ta buɗe ta. Yawanci Windows ɓoye ta yake yi. In kina so ki gan ta, ki buɗe foldar da takardar take, ki danna "View" a sama, ki nemi "File name extensions" ki sa masa alama. A Windows 11 sai kin fara shiga "Show" sannan ki gan shi.

In kin ga .doc, tsohon tsarin Word ne, wanda aka yi amfani da shi daga Word 97 zuwa Word 2003. In kin ga .docx, sabon tsari ne da ya zo da Word 2007, shi ake kai har yau. Sabon Word yana buɗe tsohuwar takarda ba gardama, amma tsohon Word 2003 bai san .docx ba sam, sai in an ƙara masa wani ɗan taimako da kamfanin Microsoft ya taɓa rabawa, wanda tuni ya daina. Saboda haka in shagon da za ki je tsohuwar kwamfuta gare su, ki koma inda kika yi rubutun, ki danna "Save As", a wajen zaɓen iri ki ɗauki "Word 97-2003 Document". Shi ke nan fa, magana ta ƙare.

In kin ga .pages, to a iPhone ko iPad ko Mac aka rubuta ta da manhajar Pages ta kamfanin Apple, kuma Word ba ya buɗe irinta. Magani shi ne a koma kan na'urar da aka yi rubutun, a buɗe takardar, a nemi "Export", a zaɓi Word ko PDF. In kin ga .odt, ta LibreOffice ce, Word na zamani yana buɗe ta, amma tsofaffi ba sa iyawa. In kin ga .wps, ko dai ta WPS Office ce, wannan manhajar ta kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin da yawancinmu ke da ita a waya, ko kuma ta tsohuwar Microsoft Works ce da aka daina yi. In ta WPS ce ki buɗe ta a wayarki ki sake ajiye ta a matsayin .docx. Ita kuwa .wpd ta WordPerfect ce, manhajar da ta yi tashe a ofisoshi kafin Word ya danne ta.

Wani abu da nake ganin 'yan mata na yi, kuma samarin da ke ji da kansu a harkar kwamfuta ne ke koya musu, shi ne goge wutsiyar da hannu a rubuta wata. Haba! Don kin rubuta "sukari" a jikin gwangwanin gishiri ai ba zai yi zaƙi ba. In kika mayar da .doc ya koma .docx ta hanyar canza suna kawai, Word zai ce miki takardar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Canjin gaskiya ta "Save As" ko "Export" ake yin sa. In an riga an yi miki wannan aika-aikar, ki mayar da wutsiyarta ta asali, za ki ga ta buɗe.

Akwai kuma wata manhaja da nake so kowacce ta sani, LibreOffice. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi, tana hawa Windows da Mac da Linux, kuma tana buɗe .doc da .docx da .odt har da tsofaffin takardun WordPerfect da na Works. Wadda ta tono tsohon rubutun babanta ko na antinta a faifan fulofi, wancan ɗan baƙin faifan da ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 1.44, to da ita za ta fara gwadawa, bayan ta samu mai na'urar karanta faifan ya juye mata.

ANYA TAKARDAR KIKA ƊAUKO KUWA?

Wannan ita ce tambayar da ke ba mutane haushi, amma sau tari a nan gizo ke saƙar. Ki duba girman takardar, wato ki danna ta da ɓangaren dama na linzamin kwamfuta ki shiga "Properties". Labari mai shafi 100 ba zai taɓa zama KB 1 ko KB 0 ba. In haka kika gani, to abin da ke hannunki ba shi ne rubutun ba.

Wani lokaci ɗan aike kika kwaso kika bar mai gida. Akwai abin da ake kira shotkot, za ki gane shi da wata 'yar kibiya a ƙasan hotonsa. Shi ba komai a cikinsa, nuni kawai yake yi zuwa inda ainihin takardar take a cikin kwamfutarku ta gida. A gida in kin danna shi zai buɗe, shi ya sa ba za ki lura ba, amma da kin kai shi wata kwamfutar ya zama makaho ba ɗan jagora. Sai ki koma ki kwafo ainihin takardar.

Haka ma duk takardar da sunanta ya fara da alamar ~$. Wannan wata 'yar mitsitsiyar ajiya ce da Word ke yi wa kansa yayin da takardarki take a buɗe, ba rubutunki a ciki. Masu rubutu a Google Docs su ma su kula, abin da ke da wutsiyar .gdoc hanya ce kawai zuwa intanet. Ki shiga takardar, ki danna "File", sai "Download", ki zaɓi Microsoft Word, sannan ne kika samu abin ɗauka.

In kuma ta waya aka turo miki, ta WhatsApp ko Xender ko imel, mai yiwuwa sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, rabi ya iso rabi ya maƙale. Ki tambayi wadda ta turo girman nata, ki gwada da naki. In sun sha bamban, ta sake turowa.

Ki lura da suna kuma. Windows ba ya karɓar waɗannan alamomin a sunan takarda: \ / : * ? " < > |. Sannan in suna ya yi tsawo, ga shi a cikin folda cikin folda cikin folda, har jimillar haruffan hanyar ta kai 260, yakan ƙi buɗuwa. Mu marubuta mun iya dogon suna mai ratsa zuciya, to ki bar wannan a bangon littafi. A kwamfuta ki sa gajere, kamar labari1, ki kwafo shi kan fuskar kwamfutar ki sake gwadawa.

FILASH DA HALINSA

Filash abokin tafiya ne, amma ba a ba shi amana ɗari bisa ɗari. Yau yana wannan shago gobe yana wancan kafe, kamar kwanon aro a gidan biki, kowa ya ci ya bar masa maiƙo.

Akwai wani bairos da ya addabi shagunan buga takardu, wanda in ya shiga filash sai ya ɓoye takardunki na gaskiya ya jera shotkot masu sunansu. Ke kina ganin kamar komai ya salwanta, alhali suna nan a ɓoye. Kar ki danna ko ɗaya daga cikin waɗannan shotkot ɗin, don dannawar ce ke sakin cutar a sabuwar kwamfuta. A fara wanke filash ɗin da manhajar kashe bairos. Daga nan a buɗe wani baƙin allo da ake kira "Command Prompt" a rubuta wannan layin daidai yadda yake:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Harafin E ɗin nan shi ne sunan da kwamfuta ta ba filash ɗinki, in naki F ne ko G sai ki sa shi a madadinsa. Ki danna "Enter", ki ɗan jira, ki koma ki duba. In wannan ne ciwon, za ki ga kayanki sun fito fes. In kina tsoron baƙin allon, ki kai wa wanda kika amince da shi wannan shafin ya yi miki a gabanki.

Wani ciwon kuma na rashin jituwa ne tsakanin Mac da Windows. In an tsara filash a kan Mac da tsarin APFS, Windows ba ya iya karanta shi, shi ne zai ce a yi "Format". Kayanki lafiya lau suke, ki koma kan Mac ɗin ki kwashe su. In kuma tsarin NTFS ne na Windows, Mac zai karanta amma ba zai ajiye sabon abu a kai ba. Tsarin da dukkansu biyu suka yarda da shi shi ne exFAT ko FAT32. In za a canza wa filash tsari, sai an kwashe komai tukuna, don canjin sharewa yake yi.

Ki guji filash mai arhar banza, irin wanda aka rubuta masa girma na ban mamaki a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Akwai na jabu da ke nuna girman ƙarya, da ya cika ainihin cikinsa sai ya riƙa lalata abin da aka zuba. Arha dai ba ta ado. Sannan ki daina fizge filash kamar mai cire ƙaya. Ki rufe takardar, ki danna "Eject", ki jira ya ce ki cire. Fizgewa ana cikin ajiya, ko ɗaukewar wuta a daidai wannan lokacin, su ne manyan masu raunata takarda.

WANI SA'IN WORD KARE KI YAKE YI

Tun daga Office 2010, in takarda ta zo ta imel ko intanet, Word kan buɗe ta da wani rawayan layi a sama mai cewa "Protected View", ki ga rubutu amma ki kasa gyara ko harafi ɗaya. Ba lalacewa ba ce. In kin san inda takardar ta fito, ki danna "Enable Editing". In kuma ta ƙi buɗuwa gaba ɗaya, ki rufe Word, ki shiga "Properties" na takardar, can ƙasa za ki iya ganin "Unblock", ki sa masa alama ki danna "OK".

Amma fa ki bambanta "Enable Editing" da "Enable Content". Na biyun izini ne ga wasu ƙananan umarni da ake iya ɓoyewa a cikin takarda, kuma ta nan ɓarayi ke shigowa. Abin ba yau ya fara ba. A 1995 aka samu bairos mai suna Concept da ke yaɗuwa ta takardun Word, a watan Maris na 1999 kuma wani mai suna Melissa ya bi ta imel ya hargitsa kamfanoni a Amurka da sauran ƙasashe. Don haka in wani baƙo ya turo miki takarda, wai fom ɗin tallafi ko na neman aiki ko wata wasiƙar ƙauna, ta ce sai kin danna "Enable Content" kafin ki gani, ki goge ta ki huta.

Game da kalmar sirri kuwa, in kin kulle takarda kika manta mabuɗin, to ko kamfanin Microsoft ba zai iya dawo miki da shi ba. Kafin ki fid da rai, ki duba ko madannin "Caps Lock" a kunne yake, don babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajen kalmar sirri. Ki duba kuma ko madannan kwamfutar a kan wani harshe suke, kamar Larabci ko Faransanci. 'Yan uwanmu na Nijar sun san wannan, a madannan Faransanci inda A yake daban ne da na Ingilishi.

IN DA GASKE TA SAMU RAUNI

To in duk an duba waɗannan ba a dace ba, ga matakan jinya, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, a kan kwafi fa kamar yadda muka ce.

Ki buɗe Word shi kaɗai, ki danna "File", sai "Open", sai "Browse". Ki danna takardar sau ɗaya kawai. A gefen madannin "Open" akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa, ki danna ta ki zaɓi "Open and Repair". Word zai yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da kansa.

In bai yi ba, ki buɗe sabuwar takarda fara, ki shiga "Insert", ki nemi "Object", ki zaɓi "Text from File", ki nuna masa mara lafiyar. Wani lokaci yakan janyo rubutun ya zuba a sabuwar.

In nan ma shiru, ki gwada wata manhajar. Abin da Word ya ƙi, sau da yawa LibreOffice ko Google Docs ko WPS na waya sukan buɗe shi, don kowacce da irin haƙurinta. Da ta buɗe, maza ki ajiye da sabon suna.

In tsohuwar .doc ce, a wajen "Open" ɗin nan akwai jerin ire-iren takardu, ki zaɓi "Recover Text from Any File". Zai kawo miki rubutu zalla, ba hoto ba ado, haɗe da wasu tarkace a sama da ƙasa da za ki share. Ai gara ki sake jera shafuka da ki sake ƙirƙiro labari daga ka.

In kuwa .docx ce, ga wani sirri. Ita .docx a haƙiƙa ƙunshi ce, kamar ƙullin kayan lefe, an tattara ƙananan abubuwa an matse su wuri guda. A nan kaɗai na yarda ki taɓa wutsiya. Ki yi wani kwafin, ki mayar da wutsiyarsa .zip, ki buɗe. Za ki ga folda mai suna word. A cikinta akwai document.xml, nan rubutunki yake, a cakuɗe da alamomi, ana iya buɗe shi da Notepad a tsinto shi. Hotunanki kuma suna cikin foldar media. Aiki ne mai cin rai, amma mai nema yana tare da samu.

Kar ki manta ki leƙa kwamfutar da aka yi rubutun tun asali. Word yakan yi ajiyar ko-ta-kwana duk bayan minti 10 in ba a canza masa ba. Ki shiga "File", sai "Info", sai "Manage Document", ki duba "Recover Unsaved Documents". Ki duba imel ɗinki da WhatsApp kuma, ko kin taɓa tura wa wata ƙawa ta karanta miki.

HARUFFANMU MASU ƘUGIYA

Yanzu sai matsalar da ta fi shafar mu masu rubutu da Hausa. Lokacin da kwamfuta ta shigo, ba ta zo da ƙ da ɗ da ɓ ba. A shekarun 1990 masanin nan ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya ƙirƙiro samfurin haruffa masu ƙugiya, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, suka share wa marubuta da maɗaba'u hawaye. Dabarar irin waɗannan samfuran ita ce a ari gurbin wani madanni da Hausa ba ta cika bukata ba a ɗora masa hoton harafi mai ƙugiya.

To a nan matsalar take. In kika kai takardar kwamfutar da ba ta da wannan samfurin, sai aron ya tonu. Shi ya sa za ki ga }asa a maimakon ƙasa, wa]anda a maimakon waɗanda, ~arna a maimakon ɓarna. A wani samfurin kuma qasa da waxanda da varna za ki gani. 'Yar uwata ta Maraɗi, ina jin wannan ne ya same ki, kuma rubutunki bai lalace ba.

Magani iri biyu ne. Na gaggawa, ki tafi da samfurin haruffan a filash ɗinki a ɗora shi a waccan kwamfutar, nan take komai zai koma daidai. Na dindindin kuwa, ki koma tsarin Unicode, wanda a cikinsa ƙ da ɗ da ɓ, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowanne yana da gurbinsa na kansa da duk duniya ta sani. A waya Gboard yana da madannan Hausa, a Windows ma ana iya ƙara Hausa a cikin harsunan madannai. Times New Roman da Arial na Windows ɗin zamani duk suna nuna su. In kin ga ɗan akwati a gurbin harafi, samfurin da aka zaɓa ne ba shi da shi, ki canza wani.

Tsohon rubutu kuma ana iya juya shi. Ki danna Ctrl da H tare, a layin sama ki sa }, a na ƙasa ki sa ƙ, ki danna "Replace All". Haka za ki yi wa sauran ɗaya bayan ɗaya, manyan baƙaƙe daban ƙanana daban. In naki mai q da x da v ne, ki sa alama a "Match case" don kar babba da ƙarami su cakuɗe, sannan ki bi a hankali, don in akwai kalmar Turanci ko sunan wani mai ɗauke da waɗannan haruffan su ma za su juye.

TA BUƊE AMMA SHAFUKA SUN WARGAJE

Kin jera komai tsaf, kowane babi a sabon shafi, kin je shago kin tarar kan babi ya gangaro tsakiya, katin gayyatar biki ya rabu gida biyu. Dalili biyu ne suka fi yawa. Ko dai samfurin haruffan da kika yi ado da shi babu shi a can, kwamfuta ta sa wani mai faɗi daban. Ko sabon Word ma ya canza, daga 2007 Calibri ne samfurinsa na farko, daga 2023 aka fara komawa Aptos, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Ko kuma girman takarda ne ya bambanta, mu A4 muke amfani da ita, wasu kwamfutocin kuma a kan Letter ta Amurka suke, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan amma ba ta kai ta tsawo ba. Ki duba wannan a "Layout", sai "Size", tun kafin ki fara rubutu.

Maganin da ya fi duka shi ne PDF, tsarin da kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993. Ita PDF kamar hoton takardarki ce, yadda kika bar ta haka za ta bayyana a ko'ina, da ƙugiyoyinta da adonta. In bugawa kawai za a yi, ki danna "Save As" ki zaɓi PDF, ki buɗe ki duba da idonki kafin ki fita. In kuma za a yi gyara a can, ki tafi da .docx ɗin ma, bayan kin shiga "File", "Options", "Save", kin sa alama a "Embed fonts in the file" don haruffan su bi takardar, ko da yake akwai samfuran da masu su ba su ba da wannan izinin ba.

SIRRINKI FA?

Wannan kada ki ɗauke shi da wasa. Garin neman a buɗe miki takarda, sai a kwafe ta a kwamfutar shago, ki tafi ki bar ta, kowa ya zo ya karanta. In labari ne, wani zai iya ɗauka ya canza sunayen taurari ya riga ki fitarwa. In wasiƙa ce ko hoto ko takardar shaidar karatu, kin san halin mutane, abin da zai zubar wa yarinya mutunci ba shi da yawa. Ki tsaya a yi komai a gabanki. In an gama ki sa a goge, a shiga "Recycle Bin" a sake gogewa. In kin shiga imel ko WhatsApp ɗinki a kwamfutarsu, ki tabbata kin fita kafin ki tashi. Sannan shafukan intanet da ke cewa ki ɗora takarda su gyara ko su juya miki kyauta, in ba ki san su ba kar ki ba su abin da ba ki so duniya ta gani.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Daga yau duk rubutun da kike ji da shi ya kasance yana wuri 3: a kwamfuta ko waya, a filash, sannan ki tura wa kanki ta imel. Dogon labari ki raba shi babi-babi, ko ki riƙa ajiye sabon kwafi duk mako da kwanan wata a jikin sunan, in ɗaya ya lalace ki koma na baya. Kar ki riƙa rubutu kai tsaye a kan filash, ki kwafo kan kwamfuta, in kin gama ki mayar. Duk sanda za ki fita da takarda ki tafi da ita iri biyu, .docx da PDF. In aikin makaranta ne ko na neman aiki, ki gwada buɗe shi a wata na'urar tun ana saura kwanaki, kar ki bari sai ranar ƙarshe, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙannena 'yan makaranta, ku yanke wannan shafin ku adana, ku kuma nuna wa ƙawayenku, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Wadda ta gwada duk waɗannan abin bai yi ba, ta rubuto mana, ta faɗi wutsiyar takardar, da girmanta, da ainihin saƙon da kwamfuta ta nuna mata harafi da harafi, da haka ne za a gane bakin zaren.

A nan zan dasa aya. A fitowa ta gaba za mu koma kan wasiƙunku na zamantakewa da suka taru, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku har kullum, 'yar uwarku mai ƙaunarku.